Filin Mai Gyara: Injin Huda Mai Lanƙwasasshen Wuya, Wanne Ke Jure Wahala?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata kamar an haɗa baki, yawancinsu a kan injin huda ne mai waya, wanda wuyansa ya lanƙwashe, bakinsa na kallon gefe maimakon gaba. Yaran shago diril mai kwana suke ce masa. Shi ake cusawa inda miƙaƙƙen inji ba ya shiga: tsakanin katakon rufi, cikin kabad, ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Na fi shekara talatin ina kwance irinsa a rumfata ta Sabon Gari, shi ya sa na tara wasiƙun wuri guda. Wasu na rage musu tsawo, masu su su yi haƙuri.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Ni kafinta ne, rufi da silin na fi yi. Na ga wani tsohon inji na gwanjo a Ƙofar Ruwa, mai nauyi, kansa ƙarfe ne, fentinsa duk ya goge. Na kuma ga sabo dal a kwali, kuɗinsu kusan ɗaya. Maigidana ya ce in ɗauki sabon, ni kuma zuciyata tana kan tsohon. Wanne zai daɗe? Daga wani kafinta a Rijiyar Lemo.

Amsa: Ɗana, ba ni zan raba ka da maganar maigidanka ba, amma ku biyun duka kun tsallake tambaya ɗaya. Tsoho ne ko sabo, wata rana sai ya tsaya maka a tsakiyar aiki. To ranar, akwai abin da za a saka masa a Kano, ko sai dai 'yan gwangwan su auna shi a kilo?

In ka kwance shi, kayan cikinsa ba su da yawa. Akwai amecha, wato sandar tsakiya mai naɗin waya da ke juyawa. Akwai koyil ɗin da ya kewaye ta. Sai kabon guda biyu da ke goga wani zoben tagulla mai tsaga-tsaga a gindin amechar, sai boris, makunni da waya. A wuya kuma akwai giya biyu masu haƙora a karkace, su ke karɓar juyin su sha kwana da shi zuwa baki. Kabon, waya, giris da boris, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Amecha da giyar wuya su ne masu tsada, su ne kuma masu wuyar samu. A cikin injinan da ake kawo mini gawarsu a buhun siminti, da wuya ka ga wanda amecharsa ta mutu haka kawai. Ko dai kabon ya ƙare aka ci gaba da aiki, ko giris ya bushe, ko boris ya yi wata uku yana kuka ba wanda ya saurare shi.

Kafin ka yi ciniki, rubuta lambar da ke jikin kowannensu. Ka shiga wurin masu sayar da kayan gyara a Sabon Gari, ka ce kana neman kabon da amechar wannan lamba. In suka miƙa hannu kan kanta suka ɗauko, alhamdu lillahi. In suka ce maka "kawo tsohon mu gwada", ka san lalube za a yi. Sannan ka buga lambar a wayarka. Manyan kamfanoni irin su Makita, Bosch, DeWalt da Milwaukee suna da zanen cikin injinansu a intanet, kowane noti da kowace washa da lambarsu. Injin da ka nemi zanensa sama da ƙasa ka rasa, wanda ya ƙera shi bai yi nufin a gyara shi ba.

Kada sunan ƙasar da ke jiki ya ruɗe ka. Makita kamfanin Japan ne tun 1915, amma yana da masana'antu a China, kuma na ainihi ke fitowa daga can. Jabu a hannu ake gane shi: ba nauyi, wayarsa siririya mai tauri, kan notinsa na cinyewa tun a juyin farko, ga ƙarya a jikin takarda, inji kamar tafin hannu an rubuta masa wat dubu biyu.

Sai maganar girma, don iri biyu ne. Ƙananan masu baki milimita 10, kamar Makita DA3010F mai wat 450 ko Bosch GWB 10 RE mai wat 400, na kabad ne da ƙananan huji. Manyan masu baki milimita 13 ne, kamar Makita DA4031 mai wat 1,050 da gudu iri biyu, juyi 300 ko 1,200 a minti. Waɗannan manyan aikin ginin Amurka ne ya haife su. Can da katako ake tsayar da gida, masu famfo da masu wayarin kuwa dole su huda tsakanin katako da katako don su zura bututu. Milwaukee ya fito da nasa mai kwana a 1949, ya biyo da Hole Hawg a 1970. Kai da kake huda katakon tu-bai-sikis na madaci da tsinke mai faɗi, babban ne naka. In ka sa ƙaramin wannan aiki, ko na ainihi ne ba lallai ya ga damina ba.

Tsohon nan kuma kada ka biya sai an kunna maka. Ka leƙa ta ramukan iska na baya: 'yan tartsatsi ƙanana a bakin kabon ba komai ba ne, amma wuta mai zagaye zoben gaba ɗaya, ajiye shi. Ka sunsuna, ƙonannen koyil ba ya ɓoye warinsa. A zare fulogi, ka kama bakin ka girgiza shi gefe da gefe. In yana rawa boris ya tafi, wannan mai sauƙi ne, sai ka rage kuɗi. Ka juya bakin gaba da baya da hannu. In ya yi tafiya mai nisa kafin ka ji giya ta kama, ko ka ji yana tsallake wani wuri, haƙori ya cinye, wannan kuma ba mai sauƙi ba ne. Ka karanta ƙarfin wutar da aka rubuta masa, dalili na nan a amsa ta uku. In ya ci wannan jarrabawa, ni dai tsohon zan ɗauka. Ka gaya wa maigidanka cikin ladabi.

Tambaya: Malam, nawa ya fara ɗaukewa yana dawowa, sai na buga shi yake tashi. Wani mai gyara ya ce kabon ne, bai sami irinsa ba, sai ya goge na injin yankan ƙarfe a siminti har ya shiga. Sati biyu ke nan, yanzu shuɗiyar wuta yake fitarwa, ga wari, ga rashin ƙarfi. Mai wayarin, Hotoro.

Amsa: Malam, daina kunna shi tun daga yau. Mai gyaran ya gano ciwon daidai, maganin ne ya kuskure. Kabon ba girma kaɗai ba ne, akwai tauri. An yi shi ne don ya cinye a madadin zoben tagullar nan. In aka sa wanda ya fi ƙarfin zoben, sai abin ya juye, zoben ya riƙa cinyewa. Ga shi amechar irin wannan inji kan zarce juyi 20,000 a minti kafin giya ta rage gudun, ka ga sati biyu ba ƙaramar guga ba ce. Wanda aka goge a siminti kuma ba ya zama daidai a gidansa, yana rawa ko ya maƙale, nan tartsatsi ke farawa.

A cire amechar a duba zoben da haske. In baƙi kawai ya yi, a shafe shi da sanfefa mai laushi sosai, a bi tsagogin da tsinken sakace a fitar da garin kabon. Sai a ɗauko mitar gwajin wuta a auna tsakanin kowane yanki da maƙwabcinsa, a zagaye duka. Karatun ya zama kusan ɗaya. In wani wuri ya bambanta da yawa, ko mita ta nuna haɗi tsakanin zoben da sandar ƙarfen, ko wani yanki ya ɗago sama da 'yan'uwansa, amecha ta tafi. In ta tsira, a nemo kabon na lambarsa. Na Makita da CB lambarsu ke farawa. A canza biyun tare ko da ɗaya ne ya ƙare, a bar injin ya yi gudu haka nan ba aiki na 'yan mintoci don kabon ya kwanta.

Wancan bugun da kake yi masa ya tashi, shi ne lokacin da ya kamata ka kawo shi.

Tambaya: Baba, yayana ya aiko mini da inji daga Ingila, mai wani irin fulogi ruwan ɗorawa, zagayayye. Yarona ya yanke shi ya sa namu. Da aka kunna ya yi wata ƙara kamar jirgi, kafin mu ankara hayaƙi ya tashi. An ce in kai riwayin, wato a sake masa naɗin waya, a mayar da shi na wutarmu. Ya dace? Mai aikin famfo, Ɗorayi.

Amsa: Allah ya mayar da alheri. Fulogin nan ruwan ɗorawa ba ado ba ne. A wuraren gini na Ingila da wuta mai ƙarfin 110 ake aiki, ta cikin taransifoma, don rage haɗarin jan wuta, kuma launin shi ne alamarta. Na Amurka 120 ne. Tamu 230 ce. Yaronka ya ɗura masa ninki biyu na abin da zai iya haɗiya. Kada ka dake shi, ba shi ne farau ba; kowace shekara sai na ga irin wannan.

Riwayin kuwa, bari in raba maka shi biyu. Koyil na kewaye ba shi da wuyar naɗi, akwai masu hannu a garin nan da za su yi maka shi ya yi shekaru. Amecha ce matsala. Wayarta siririya ce, dole kowane bakin waya ya kama yankinsa a zoben, kuma dole nauyinta ya daidaita ta kowane ɓangare. In ya karkata ko kaɗan, a wannan gudu sai injin ya riƙa karkarwa a hannu, ya cinye boris, ya dawo ya goga koyil. Ga masu amfani da wayar alminiyon da aka shafa wa launin tagulla. In za ka bayar, ka ce a nuna maka wayar, ka kankare ta da reza; in fari ya bayyana a ciki, ɗauki kayanka.

Abin da na fi so shi ne ka duba ko irin wannan samfurin akwai na wuta 230. In akwai, a nemo amecha da koyil da makunni nasa a zuba a gangar jikin naka, tunda giyarka da wuyanka lafiyarsu ƙalau. Ka lissafa dai: in kuɗin ya haura rabin na wani injin mai kyau, ajiye wannan a matsayin kayan gyara. Kan nan kaɗai kuɗi ne.

Wanda nasa bai ƙone ba tukuna, taransifoma zai saya. Inji mai cin amfiya 7.5 a wuta 120 wat 900 ke nan, a lokacin tashi kuma ya fi haka ja, don haka a nemi mai ɗaukar ninki biyun wannan. Bambancin 50Hz da 60Hz, wato saurin kaɗawar wuta, da ke rubuce a jiki kada ya dame ka, irin wannan mota mai kabon ba ruwanta da shi.

Tambaya: Baba, motar injina lafiya take, amma wuyan yana zafi har ba ya taɓuwa, yana kuma ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Shekararsa huɗu, ban taɓa buɗe shi ba. Kafintan kujeru, Na'ibawa.

Amsa: Shekara huɗu a 'Yan Katako ba a buɗe ba! Ɗana, injin nan ya yi maka biyayya.

Na san abin da za ka tarar, don makon jiya na buɗe irinsa. Da na cire noti huɗun na ɗaga murfin, giris ɗin ya koma baƙi ƙirin, ya daskare a bango kamar tsohuwar daddawa, haƙoran giyar kuwa a bushe suke ƙayau. Na lakato kaɗan na murza tsakanin yatsu biyu a rana, sai ga shi yana ƙyalli. Wannan ƙyallin garin ƙarfe ne, haƙoran ne da kansu suke narkewa a ciki. Zafin bazararmu, da kan haura 40 a watan Afrilu, yana tsotse man da ke cikin giris ya bar tuƙa. Ƙurar hunturu da garin katako su shiga su gauraya da ita, sai ta zama abin wasa wuƙa.

Ka wanke komai da kalanzir da tsohon buroshin haƙori, ka bari ya bushe. Ka duba haƙoran ɗaya bayan ɗaya. In sun yi sheƙi kawai, za su ci gaba. In bakinsu ya yi kaifi kamar wuƙa ko wani ya ɓalle, sai canji, kuma biyun tare ake canzawa, don sun riga sun saba da juna. Sabuwa da tsohuwa ba sa zaman lafiya. Boris ɗin da ke bayan baki ka juya shi da yatsa, in ka ji yashi-yashi, lambarsa na jikinsa, masu boris ba sa rasa shi.

Abu biyu zan ja maka kunne a kai, duka biyun a jikina na koya. Ina yaron shago aka ba ni irin wannan in sa masa giris. Don neman suna na ɗura shi fal har yana tsattsafowa, na rufe. Da na share benci sai na ga wata siririyar washa kamar ɓawon albasa, na ce wannan ba ta da wani amfani, na jefa ta gwangwanin noti. Kwana uku mai injin ya dawo. Giris ya bi sanda ya gangara cikin mota ya jiƙa kabon, haƙoran kuma sun fara cin juna. Ashe washar nan ita ke saita nisan da ke tsakanin giya biyun. Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai ce mini uffan ba. Ya zazzage gwangwanin a kan tabarma ya ce in nemo ta. Har la'asar ina tsinta. To ka ɗauki hoto da wayarka a kowane mataki, ka jera kayan a kan farin ƙyalle yadda ka ciro su. Giris kuma kada ya wuce rabi zuwa kashi biyu cikin uku na gidan.

Mai aiki kullum ya buɗe wuyan sau ɗaya a shekara, bayan hunturu. Ramukan iska kuwa a hure su duk mako. Kuma a daina juya makunnin gaba da baya, ko canza gudu, alhali inji bai gama tsayawa ba. Haƙora da yawa a nan suke karyewa.

Tambaya: Malam, ɗana ya gama koyon aikin kafinta, maigidansa zai yaye shi bayan Sallah. Ina so in saya masa wannan inji. Shi mai batir yake so, wai shi ake yayi. Ni kuma adashi na ɗauka, ba na son abin da zai mutu a shekara biyu. Wata uwa daga Gwammaja.

Amsa: Hajiya, Allah ya sa albarka, ya sa ya riƙe ki da sana'ar. Yaron bai yi ƙarya ba. Mai batir yana da daɗi a saman rufi, ba waya mai harɗe ƙafa, ba jiran wuta, ba sayen man janareta. Amma batir yana tsufa ko ana aiki da shi ko yana ajiye, zafi kuma yana gaggauta tsufansa, ranar da ya mutu kuɗinsa kan kusa kamo na injin. Sababbin da ba su da kabon kuma wani allon lantarki ne ke tuƙa su, an dafe shi da roba; in ya lalace ba abin da irina zai yi masa sai canza shi ɗungurungum, in an samu. Mai waya kuwa kusan duk abin da ya same shi da sukundireba da mita ake gano shi.

Tunda kuɗin adashi ne, kuma shi ne jarinsa na farko, saya masa mai waya, na kamfanin da ake samun kayansa, ki haɗa masa da kabon biyu na ajiya. In aiki ya buɗe, ya sayi mai batir da guminsa. Ki haɗa masa da wayar ja mai kauri, milimita 2.5 in za ta yi nisa. Siririyar waya mai tsawo tana rage wuta, injin ya rasa ƙarfi, yaro ya ƙara dannawa, fankar ciki kuma ta rage gudu daidai lokacin da zafi ya fi yawa. Haka in wutar layi ta zo rabi-rabi, ya haƙura ya tayar da janareta.

Ki kuma isar masa da wannan daga gare ni. In babban ne, kada ya taɓa cire mariƙin gefe. Tsinke in ya ci karo da ƙusa ya tsaya cak, injin ne zai juya, da hannunsa a ciki, shi kuma yana kan tsani. Wasu, kamar DA4031, suna da abin da ke sakin giya a ƙaramin gudu in haka ta faru, amma ba duka ba. Ya riƙe da hannu biyu, ya jingina mariƙin da katako.

A taƙaice, ga sauran:

Mai tambaya daga Kurna, wanda injinsa ke ɗaukewa in waya ta motsa: ta karye ne a ciki, daidai inda ta shiga gindin inji. A yanke kamar taƙi ɗaya a sake haɗawa, kada a naɗe da salatif. Yaranka kuma su daina sauko da shi daga rufi ta waya kamar guga. In gangar jikin ƙarfe ce, waya mai uku za a sa, ta ukun ta ƙasa ce, kuma ita ke tsakaninka da jan wuta. Mai alamar akwati cikin akwati shi ne biyu ta ishe shi.

Mai tambaya daga Sheka, kan ko zai huda kankare da shi: a'a, ba na huda kankare ba ne, ba ya duka. Za ka kashe tsinke ka kashe giya.

Makanikin Ƙofar Ruwa da bakin injinsa ya ƙi fita: buɗe bakin gaba ɗaya ka leƙa ciki, a yawancin masu gaba da baya akwai noti a can ƙasa, kuma zarensa na hagu ne, ta inda ake ɗaure sauran ta nan ake kwance shi. Ka ce ka yi kwana biyu kana fama, ina jin ɗaure shi kake ta yi.

Mai injin yankan tayil daga Tarauni, wasiƙarka ta iso, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Kafin nan kada ka sake kunna shi da wannan tsagaggen faifan.